Tsaga a Bangon Rokiah

Da fari allura ce kaɗai take iya shiga tsagar. Rokiah ta gwada da kanta, da 'yar siririyar allurar da take kalmasa bakin mayafi da ita, ta shige har rabi ta tsaya. Bayan mako biyu tsinken ashana ya shiga. Ran Talatar nan kuwa, da ta taka kujera ta miƙa hannu, ƙaramin yatsanta ne ya nutse har gaɓar farko, ya fito da jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin farce.

Tsagar ta taso ne daga kusurwar silin, ta gangaro a karkace, ta ratsa ta daidai saman gadon mijinta. Duk safiyar da ta ga ta ƙara tsawo, Rokiah kan ɗauki allin ɗinkinta ta ja ɗan layi a inda tsagar ta tsaya. Layukan sun kai goma sha ɗaya, kowanne a ƙasan ɗan'uwansa.

"Abang, ta ƙara tafiya," ta ce wa mijinta, wanda take kira Abang, wato yaya, tana saukowa daga kujerar.

Dahlan ya bi ta da ido. Shekara uku ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye, bayan ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan bas tsakanin Muar da Melaka. Magana ta tafi, ta bar masa gyaɗa kai da matse hannu. Da yake ɗan ɗakin baya ya fi kusa da banɗaki, nan aka ajiye gadonsa, jikin kicin, inda yake jin ƙarar keken ɗinkinta da ƙanshin girkinta.

Bayan wannan bangon gidan Senah ne. Duk gidajen layin haka suke, a manne da juna, bango ɗaya na gida biyu. In an yi atishawa a wannan gida sai a amsa a wancan. Shekara talatin da ɗaya Rokiah da Senah suna zaune haka. Tare suka yi goyo, tare suke zuwa karatun mata a ɗan masallacin unguwa, kuma a cinyar Rokiah Senah ta yi kuka ranar da mijinta ya rasu. Sai bara Fauzan, ɗan Senah, ya dawo daga birni da matarsa da 'yan matansa biyu. Gida ya yi musu kaɗan, ya ɗauko ɗan kwangila ya ɗora musu ɗakuna biyu a saman kicin. Wata uku ana fashe-fashe da guduma. Rokiah ta shanye ƙurar da ƙarar, har shayi ta riƙa miƙa wa leburorin ta bayan gida. Aka gama, aka yi walima, damina ta sauka. Daga nan ƙofar kicinta ta daina rufuwa sai an doke ta da kafaɗa, tayil biyu suka tashi a ƙasa, bango ya fara gumi.

"Kak Kiah! Kina ciki?"

Senah ce a ƙofar falo, da kwano a rufe; haka take kiran Rokiah, wato Yaya Kiah. Tun kafin a buɗe Rokiah ta san miyar kifi ce mai tsami da yaji. Karo na uku ke nan a makon.

"Yau ma? Ko kin buɗe gidan abinci ne ba ki gaya min ba?"

"Kifi ne ya faɗi warwas a bakin kogi. Na ce Abang Dahlan yana son sa."

"To shigo ki gaishe shi mana."

"Na bar tukunya a wuta."

"Jiya ma tukunyar kika bari. Wannan tukunya taki ba ta sauka ne?"

Senah ta yi dariya, ta gyara mayafinta da ba abin da ya same shi, ta juya. Rokiah ta tsaya da kwanon a hannu tana lissafi. Da, Senah har kicin take wucewa ba sallama, ta buɗe tukunya ta ɗanɗana, ta zauna bakin gadon Dahlan tana ba shi labarin unguwa. Yanzu kusan kwana goma ke nan ƙafarta ba ta wuce tabarmar falo ba.

Da yamma Fauzan ya shigo, don sau huɗu Rokiah tana aika masa. Ya sumbaci hannunta kamar yadda ya saba tun yana yaro yana kiran ta Mak Cik, wato gwaggo, ya gaida Dahlan, sannan ya ɗaga kai ya dubi bangon. Bai daɗe yana kallo ba. Ita kuwa ba bangon take kallo ba, fuskarsa take kallo.

"Mak Cik, wannan ai filasta ce kawai ta tsage. Duk tsohon gida yana haka in damina ta yi nisa."

"Shekara talatin da ɗaya damina tana zuwa. Bana ne ta ga gidana?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Sa yatsanka a ciki."

Bai sa ba. Ya zuba hannuwansa a aljihu, ya ce gobe zai turo mai fenti ya cike wurin da siminti, ya shafe bangon gaba ɗaya, har da silin, ta zaɓi launin da take so. Duk shi zai ɗauki nauyi.

"Ina ɗan kwangilar da ya yi muku aikin? Shi nake so ya zo ya gani."

"Yana wani aiki a Segamat. Zai zo."

"Yaushe?"

"Zai zo, Mak Cik."

"Takardar izinin hukuma fa? Kun karɓa kafin ku ɗora benen?"

Ya yi murmushi, amma kunnuwansa sun yi ja. "Mak Cik kin zama alƙali yau. Duk ɗan kwangila ne ya bi wannan."

Yana fita idonsa ya sake komawa kan layukan alli, ta ga leɓɓansa suna motsi. Ƙirgawa yake yi. Washegari da mai fentin ya zo da bokitinsa, ta ba shi ruwa ya sha, ta ce ya koma. Ba za a rufe mata abin da take son gani ba.

Tun daga ranar zuciyarta ta ƙi kwanciya. Ga ɗinkin biki tuli a gabanta, rigunan 'yan matan amarya guda shida, amma sai ta tsinci ƙafarta ta tsaya a kan keke, kunnenta yana jikin bango. In ta ji Fauzan yana waya a bayan gida, da ta buɗe taga sai muryarsa ta yi ƙasa. Matarsa, wadda da take tsayawa su taɓa hira wajen shanya, yanzu sai Rokiah ta shiga ciki take fitowa da wankinta. Ta kuma tuna wani mutum mai hular ƙarfe da ya zo gidan Senah kwanakin baya, ya yi kusan rabin awa a ciki, ya fito Fauzan yana binsa har mota yana magana da hannu biyu. Da ta tambaya, Senah ta ce mai duba mitar wuta ne. Mitar wuta kuwa a waje take, jikin ƙofa, kowa yana gani.

Ta kira autarta Suraya, wadda take aikin jinya a Kuala Lumpur.

"Mak, ki kai ƙara hukumar gari. Me kike jira?"

"In kai ƙarar Senah? Matar da ta yi miki wankan farko?"

"To ki zauna har bango ya faɗo wa Ayah mahaifina, sai ta yi masa na ƙarshe."

"Ke! Bakinki ya sari ɗanyen kashi."

Ta kashe wayar ranta a ɓace, ba don yarinyar ta yi ƙarya ba. Wani zubin sai ta ga kamar ita ce ta tsufa take ƙirƙiro abin zargi. Me ya yi zafi don maƙwabciya ta kawo miya? Mutum mai hular ƙarfe ba zai iya zama mai gyaran waya ba? Sai ta ɗaga kai ta ga layin alli na goma sha biyu.

Ran Alhamis da safe tana goge wa Dahlan jiki da ruwan ɗumi, sai hannunta ya tsaya cak a kan kafaɗarsa. Ƙarfe bakwai saura. Lokacin ne 'yan matan Fauzan suke shirin makaranta, suna tsere a saman bene, ƙafafunsu suna dukan rufin kankare kamar ana daka, uwarsu tana kwarara musu kira. Wata da watanni wannan dirin yana hana Dahlan barcin safe, har Rokiah ta taɓa yin tsaki a kai. Yau shiru. Ta kasa kunne. Muryoyin suna nan, tana jin su, amma daga can gaba suke fitowa, ta wajen falo. Ta yi ta ƙoƙarin tuna ranar da ta ji takun na ƙarshe. Ba jiya ba. Ba shekaranjiya ba. Ya fi mako. Ya yi daidai da zuwan mai hular ƙarfe.

Ta jira motar Fauzan ta fita da yaran da matarsa. Ta lulluɓe Dahlan, ta zura takalmi, ta zagaya. Ba ta yi sallama ba, kamar yadda suka saba a da.

Katifu uku ne a tsakiyar falon Senah, an jingine biyu da bango, ɗaya tana shimfiɗe da gidan sauro a kai. Kayan makaranta a kan kujeru. A kusurwa an ajiye ɗan rishon gas da tukunyar shinkafa a kan tebur. Senah tana durƙushe tana naɗe bargo, ta ɗago, bargon ya suɓuce daga hannunta.

"Kak Kiah..."

Rokiah ta kutsa ciki. Ta wuce ta, ta nufi baya. An tokare ƙofar kicin da kujera. Ta janye ta tura. Warin laima ya fara dukanta. Ga sabuwar matattakalar bene an gicciya mata katako. A jikin bangon da ya raba gidajen biyu kuwa, tsagar da take ganin wutsiyarta a ɗakinta, nan kanta yake: daga ƙarƙashin benen har ƙasa, faɗinta ya isa tafin hannu ya shige a kwance. An cusa tsummoki a ciki, sun jiƙe sun yi baƙi. Daga nan tana jin tarin Dahlan, kusa, kamar a ɗaki ɗaya suke.

"Kwana nawa?" ta tambaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Goma sha biyu."

"Mai duba mita ne ya ce ku tashi?"

Senah ta fashe da kuka. Ta ce injiniya ne, abokin abokin Fauzan. Ya ce ba a yi wa benen tushe ba, a kan tsohon bango kawai aka ɗora shi, indararon ma cikin gindin bangon yake zuba. Ɗan kwangila ya kashe waya, an je gidansa ya tashi. Fauzan ya roƙe ta da girman Allah ta yi shiru har ya samo mutumin, don in hukuma ta ji rushe benen za a yi, shi kuma duk abin da ya tara a birni a ciki ya zuba.

"Kullum ina cewa gobe zan gaya miki. Wallahi kullum."

"Kin kwashe jikokinki. Kin kwashe tukunyarki. Har tukunya, Senah. Mutumin da ba ya iya juyawa da kansa kika bari a ƙarƙashi, kina aiko masa da kifi."

"Kak, ɗana ne."

"Shi kuma wancan na wa ne?"

Kafin azahar maza biyu daga masallaci sun ɗauko gadon Dahlan sun kawo shi falo, aka ture keken ɗinki zuwa bakin taga. Rokiah ta bar shi da matar liman, ta saka baƙin takalminta na zuwa asibiti, ta hau bas zuwa ofishin hukumar gari. Ta cike takardar da rubutunta manya-manya. Inda aka ce a rubuta sunan wanda ake ƙara, ta rubuta shi tsaf.

Ran Litinin injiniyar hukuma ta zo, wata siririyar mata mai suna Kavitha, da tocila da 'yar guduma. Ta fara da gidan Senah, ta daɗe. Rokiah tana jin ƙwanƙwasarta ta cikin bango, tana jin muryar Fauzan yana bayani, har ya gaji ya yi shiru. Da matar ta shigo nata gidan, Rokiah ta riga ta haɗa shayi da soyayyar ayaba. Ta nuna mata layukan alli. Kavitha ta ɗauki hotonsu, ta ce da kowa yana haka da aikinta ya yi sauƙi. Rokiah ta ji wani sanyi a ranta, irin na wanda aka daɗe ana ce masa yana ganin abin da babu.

Sai matar ta tsaya a tsakiyar kicin, ta haska sama, ta haska ƙasa. Ta buɗe wata tsohuwar takarda mai zanen gidajen layin, ta duba, ta sake duba bangon. Ta ƙwanƙwasa wani wuri kusa da firiji.

"Mak Cik, wa ya cire ginshiƙin nan?"

"Wane ginshiƙi?"

"A zanen asali akwai ginshiƙi a nan, daidai inda tsohon gidan ya ƙare. Shi ke riƙe da bangon ta ɓangarenku. An sare shi. Ga gurbin rodin nan a ƙarƙashin filasta, taɓa ki ji."

Rokiah ta taɓa. Ta ji 'yan tudu huɗu a ƙarƙashin fenti, a wurin da ta goge da tsumma sau dubu.

"Wannan kicin da ɗakin, ƙari ne, ko? Akwai takardar izininsu?"

"Ai kowa a layin nan ya ƙara kicin."

"Na sani. Tambaya nake ko akwai takarda."

Rokiah ta girgiza kai. Kavitha ta rufe zanen, ta sassauta murya. Ta ce babban laifin na benen ne, wannan ba shakka. Bangon ya yi shekaru yana tsaye ba ginshiƙi don ba a ɗora masa kaya ba, da ba a ɗora ba da yana nan har yau. Amma ita abin da ta gani za ta rubuta, duka biyun. Bene zai sauka. Bangon ma sai an rushe shi an sake, kuma ba yadda za a taɓa shi kicin ɗin nan da ɗakin su tsira. Gobe za a kawo ƙarafan tokara. Kada kowa ya ƙara kwana a baya.

Shayin ya huce ba ta sha ba. Ta ɗauki ayaba ɗaya don kada a ji kunya, ta tafi.

Rokiah ta zauna a kan kujerar kicin. Shekara ashirin da bakwai ke nan. Ta haifi Suraya, ta tafi ƙauye wajen mahaifiyarta zaman jego na kwana arba'in da huɗu. Da ta tafi, wani ɗan lungu ne kicinta, mutum biyu ba sa iya juyawa a ciki. Da ta dawo, Dahlan ya rufe mata ido da hannunsa tun daga falo, ya jawo ta, ya saki. Fili fetal, taga biyu, wurin wanke-wanke na tayil, babu abin da ya tsaya mata a hanya. Ta yi ta kewayawa da jaririya a kafaɗa tana dariya. Duk matan layin sai da suka zo kallo. Ba ta taɓa tambayar abin da ya kasance a tsakiya ba kafin a buɗe wurin.

Da la'asar ta fita bayan gida kwashe shanya kafin hadari ya sauko. Senah tana can a tata igiyar. Siririn kwalbati ne kawai tsakaninsu. Suka yi ta cire kaya ba mai kallon wani, har Senah ta gaji.

"Ta gaya miki zancen ginshiƙin?"

Rokiah ta juyo da sauri. "Ke wa ya gaya miki?"

"Ni? Ni na dafa musu abinci ranar da suka sare shi. Abang Dahlan da marigayi maigidana, su biyu, ran wata Asabar. Marigayi ya ce masa a bari, ya ce ai ba bene za a hau ba. Da zai tafi aiki ma sai da ya sake cewa a bari."

"Kin sani ke nan. Kina ji kina gani ɗanki ya ɗora bene a kan bangon."

"Wallahi na manta da shi sam. Shekara nawa? Sai da bango ya buɗe na tuna." Ta matse wani zane da ya riga ya bushe. "Kuma ni a zatona kin sani. Na ga kina ta jan layi da alli, kina kiran Fauzan kina titsiye shi, kin kori mai fenti. Na ce Kak Kiah shaida take tarawa, so take ta juye mana laifin duka, nata ya ɓace a ciki. Shi ya sa na kasa shiga ɗakin. In na shiga, me zan ce miki? Me za ki ce min?"

"Da kin ce min in ɗauke mijina."

Senah ta sunkuyar da kai. "Wannan kam ba ni da abin cewa."

"Fauzan ya san zancen ginshiƙin?"

"Ban gaya masa ba."

"Me ya sa? Ai da ya samu abin kare kansa."

"Ban sani ba, Kak. Ban dai gaya masa ba."

Rokiah ta dube ta sosai. Fuskar da ta sani ce, da ɗan tabon ƙuna a haɓa, da idanun da suka kumbura. Ta nemi gane ko kara ce ta hana Senah magana, ko ajiye zancen ta yi sai ranar da zai yi mata amfani. Ta duba ta duba, ba ta gano ba. Da, ko tari Senah ta yi ta san abin da yake nufi.

Ruwa ya fara ɗiga. Kowace ta tattara kayanta ta shige gidanta.

A falo Dahlan yana kwance inda aka ajiye shi, fuskarsa tana kallon ƙofar kicin. Gidan ƙarami ne. Duk abin da injiniya ta faɗa da safe a kunnensa ta faɗa. Rokiah ta zube wankin a kan kujera, ta ɗebo kunun shinkafarsa, ta jawo ɗan benci ta zauna. Ta gyara masa matashi, ta ɗaura masa tawul a wuya. Ta ba shi cokali uku, ya haɗiye.

"Abang," ta ce, "mako biyar ina hawa kujera a kanka. Kullum ina ce maka ta ƙara tafiya."

Ya dube ta.

"Ka tuna da ginshiƙin, ko ba ka tuna ba? Lokacin da suke ɗora benen, kana jin gudumarsu. Da ka ja hannuna, da ka nuna min wurin. Kana nuna min in kana son ruwa, kana nuna min in fanka ta yi maka yawa." Ta ajiye cokalin, ta sa hannunta cikin hannunsa mai lafiya. "Ba faɗa zan yi ba. In ka tuna, matse sau ɗaya. In ba ka tuna ba, sau biyu."

Hannun yana da ɗumi. Ta jira. A waje ruwan ya kece, yana dukan kwanon rumfa, ta cikin bango tana jin 'yan matan Fauzan suna gardama a kan wurin kwanciya. Yatsunsa ba su motsa ba. A hankali ya lumshe ido, ya saki numfashi mai tsawo, ya sake sakin wani.

Shekara talatin da takwas tana kwana kusa da mutumin nan. Ta san yadda yake numfashi in barci ya ɗauke shi, kuma ba haka ba ne.

Ta zare hannunta. Ta juya kunun don kada ya yi fata, ta ɗebo cokali, ta hura.

"Buɗe bakin," ta ce. "Zai huce."

Idonsa a rufe, ya buɗe.